Famfon Rijiya da Kukansa: Tarihin Wata Na'ura da Kalmomin da Ta Zo da Su

Masu tattara kalmomin sana'a sun daɗe suna zama wurin maƙera da masaƙa da majema, suna rubuta sunayen kayan aiki da maganganun da ke tafe da su. Bakin famfo kuwa ba a cika zuwa ba, wataƙila don ana ganin ƙarfe ne na baƙi, babu Hausa a cikinsa. Alhali kuwa tun daga ƙarshen shekarun 1970 famfon da ake bugawa da hannu ko a taka da ƙafa ya shiga ƙauyuka masu ɗimbin yawa na jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa da Doso, har ya zama wurin da mata da yara suke wuni. Abin da muke so mu nuna a nan shi ne, famfo ya ɓoye wa mutane ruwa da na'urar da ke ɗago shi, sai kunne ya karɓi aikin da ido yake yi a bakin rijiya. Duk wanda ke shirya littattafan yaƙi da jahilci kan sha'anin ruwa yana da bukatar sanin wannan.

Rijiyar gargajiya a buɗe take. Mai ɗiba yana leƙawa ya ga ruwa, ya san ko ya ja baya ko ya ƙaru, ya kuma san zurfin da gaba, gwargwadon tsawon igiyarsa. Idan guga ya faɗa ruwa tinjim, an san rijiya tana da ruwa. Idan ya bugi laka, an san lokacin yasa ya yi. In igiya ta tsinke a kawo ƙugiya, in ba ta yi ba wani ya shiga. Kome na wannan aiki, daga wasaki da igiya zuwa itatuwan da ake girkawa a baki, waɗanda igiya ke ci har ta yi musu zane, a gari ake yinsa, a gari ake gyaransa. Haka jigon masu lambu, haka kuma abin nan na lambunan Abzin da Buzaye ke kira takarkart, inda sa ko raƙumi ke jan guga mai zubar da ruwansa da kansa. Ko rijiyoyin siminti da ofishin OFEDES ya shiga ginawa bayan kafa shi a 1963, masu faɗin mita 1.80, ba su sake wannan al'ada ba. Sun hana rushewa, sun kai zurfin da mahaƙan gargajiya ke tsoro, amma guga da igiya suna nan yadda suke.

Injin ya fara shiga sha'anin ruwan karkara ta arewa, a tashoshin da aka kafa wa makiyaya a ƙasar Azawak wajen ƙarshen mulkin mallaka da farkon ƴancin kai. Waɗannan na gwamnati ne, da ma'aikacinsu da mansu, kuma labarinsu dabam yake. Abin da ya kawo famfo ƙauyen manomi shi ne fari na 1968 zuwa 1974, da taron ruwa na Majalisar Ɗinkin Duniya a Mar del Plata a 1977, wanda ya haifar da shekaru goma na ruwan sha, 1981 zuwa 1990. Ma'aunin da aka bi a Nijar shi ne wurin ruwa na zamani ɗaya ga kowane mutum 250. Rijiyar siminti tana cin watanni kafin a gama ta, kuma a ƙasa mai dutse irin ta Damagaram da Muniyo sau da yawa mahaƙi ba ya iya ratsawa. Motar haƙa kuwa cikin ƴan kwanaki take huda dutsen. Sai dai ramin da take bari faɗinsa bai kai taƙi ɗaya ba. Guga ba ya shiga, mutum balle. Wannan rami, da ake kira foraj a nan, rijiyar burtsatse a Najeriya, ba shi da amfani sai da famfo a kansa.

Yadda ƙarfen ke ɗago ruwa

Dabarar kanta tsohuwa ce. An san famfo mai fistan a Iskandariya tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma al-Jazari ya zana wani mai silinda biyu a littafinsa na 1206. Asalin aikin kuwa ƙyaure biyu ne, waɗanda makanikai ke kira bawul, kowane yana buɗewa sama kaɗai. Ɗaya yana gindin silinda, ɗaya yana jikin fistan. In fistan ya tashi, ƙyauren jikinsa yana rufe, sai ya ɗaga ruwan da ke bisansa, a lokacin nan kuma na gindi ya buɗe wani ruwa ya shigo. In fistan ya sauka, na gindi ya rufe, na jikinsa ya buɗe, ruwan ya ratsa ya koma bisansa. Ƙyauren biyu ba su taɓa buɗewa tare. Ranar da suka yi haka, ranar famfo ya mutu.

Idan silinda tana sama, bisa ƙasa, famfon zuƙo ruwa yake yi, kuma zuƙa tana da iyaka. Nauyin iskar duniya ne ke tura ruwan cikin bututu, shi kuwa ba ya iya riƙe fiye da mita 10 da ɗan kai, kamar yadda Toricelli ya bayyana a Italiya wajen 1643. A aikace mita 7 ne. Irin wannan famfo yana yi a cikin Dallol ko Korama ko fadamar gulbi, inda ruwa ke kusa. Ƙauyukan jigawa da na Adar da Damargu kuwa ruwansu yana nesa ƙwarai, ninkin wannan sau da yawa. Dole ke nan a saukar da silinda can cikin ruwan, a sami hanyar kai mata ƙarfin mutum daga sama. Duk bambancin famfunan da muka sani a nan yake.

Famfon da ake kira Indiya, watau India Mark II, an tsara shi a ƙasar Indiya cikin shekarun 1970 tare da hukumar UNICEF, daga baya aka riƙa ƙera irinsa a Sikaso ta ƙasar Mali. Yana kai ƙarfi ƙasa da sandunan ƙarfe masu kaurin milimita 12, kowace tsawon mita 3, an ɗaura su baki da baki cikin bututun da ruwa ke hawowa. A sama akwai doguwar mariƙa da ke juyawa bisa boris, da ƴar sarƙa da ta haɗa mariƙa da sandar farko. A lura da wannan sarƙa, don ita ce mai yawan magana. Sarƙa ja take yi, ba ta turawa. Saboda haka in an danna mariƙa ƙasa sarƙa ta jawo sanduna sama, amma komawarsu ƙasa nauyinsu ne ke yi. Shi ya sa wannan famfo ba ya jin daɗin rami maras zurfi: sandunan ba su da nauyin da za su sauka da sauri, sai sarƙa ta yi sako-sako. Faɗin silindarsa milimita 63.5 ne, tafiyar fistan kuwa wajen santimita 12 da rabi, don haka bugu ɗaya ba ya wuce kashi 4 cikin 10 na lita. Jarka mai lita 20 tana bukatar bugu wajen 50 in famfo yana da lafiya. Wannan lissafi ƙarami ne, amma za mu ga amfaninsa.

Famfon ƙafa kuwa, na Vergnet, injiniyan Faransa Mark Berñe ne ya ƙago shi a ƙasar Hot-Bolta, Burkina Faso ta yanzu, cikin shekarun 1970, kuma ya bazu ƙwarai a Nijar. Shi babu sanda ko ɗaya a cikinsa. Tiyo biyu na roba ne ke sauka cikin rami. Ɗaya cike yake da ruwa kullum, kuma can ƙarshensa akwai wata doguwar jakar roba mai kauri cikin silindar ƙarfe, wadda ta yi kama da mafitsara. In an taka feda, ruwan wannan tiyo ya matsa jakar ta miƙe, ta kori ruwan da ke kewaye da ita ya hau ta ɗayan tiyon. In an ɗaga ƙafa, jakar ta koma yadda take, ta turo feda sama, sabon ruwa ya shigo silinda. Ruwa ne ke tura ruwa. Maza kaɗan suna iya jawo kayan cikinsa duka da hannu, abin da ba ya yiwuwa ga Indiya, wanda sai an fid da bututun ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, kowane cike da ruwa, kafin a kai ga ƴar robar da ta lalace.

Akwai kuma Volanta, na mutanen Holan, mai babbar ƙafa kamar ta amalanke da ake juyawa, wanda aka ƙera a masana'antar ACREMA ta Tawa. Akwai Kardia na Jamus da wasu. Yawan irin nan da kansa ya zama matsala, don kowace ƙasa mai ba da taimako da nata famfon ta zo, kayan gyaran wannan kuwa ba su shiga wancan.

Kukan famfo

Daga cikin na'urar nan duka, abin da mai ɗiba ke gani bai wuce mariƙa da bakin da ruwa ke fita ba. Sauran yana cikin duhu, mita 30 ko 50 ƙarƙashin ƙafarsa. Labarin abin da ke can ta hanya uku kaɗai yake isowa: ƙara, da nauyin mariƙa a hannu, da yawan bugu.

Indiya mai lafiya ba shi da hayaniya. Ana jin kacau-kacau kaɗan na sarƙa, da shaa na ruwa mai fita a dunƙule, bugu bayan bugu. In ya fara ƙii-ƙii a kowane tashi, giris ya ƙare wa sarƙa, kuma wannan shi ne ciwo mafi arha, don ko yaro yana iya maganinsa in an buɗe masa murfi. In mariƙa tana rawa hagu da dama tana ƙwal-ƙwal, boris ya cinye. In aka ƙyale shi, mariƙa za ta ci jikin kan famfon, abin da ya isa a gyara da kuɗi kaɗan ya koma sai an sayi sabon kai. Gwaf-gwaf mai ƙarfi a ƙarshen kowane bugu galibi laifin mai bugawa ne, wanda ke kai mariƙa har ta daki ƙarfen da ke tare ta. Yara sun fi yin haka, su da ke lilo da ita. Wani ƙaran kuwa daga ƙasa yake tasowa, kamar ana goga ƙarfe da ƙarfe, har a ji shi a tafin hannu kafin a ji shi a kunne. Wannan sanda ce ta lanƙwashe tana cin bututu, kuma wata rana za ta huda shi. In ruwa yana fita ɓul-ɓul gauraye da iska, yana yankewa yana dawowa, to ruwan ramin ya ja baya ya kusa barin silinda, abin da aka fi gani da bazara. Ƙarshen duka shi ne ranar da mariƙa ta yi sakwaf, ta faɗi ba nauyi, ba ƙara, ba ruwa: sanda ta kwance ko ta tsinke.

Akwai ciwon da ba shi da ƙara ko kaɗan, sai a ƙidaya. Matar da ta fara zuwa da asuba ita ke gane shi. In ƙyauren gindi yana rufewa sosai, ruwan jiya yana nan tsaye cikin bututu, bugu ɗaya ko biyu sai ya fito. In sai ta yi bugu 20 ko 30 wayam kafin ta ga ɗigo, to ruwan ya zurare cikin dare, ko ta ƙyauren, ko ta wata mahaɗar bututu. Haka nan in jarkar da ke cika da bugu 50 ta koma sai 80, robar fistan ta suɗe. Injiniyoyi suna da waɗannan gwaje-gwaje biyu a littattafansu, na yoyo da na yawan ruwa, da agogo da bokiti mai ma'auni. Matan gari suna yinsu kowace safiya ba tare da an sa su ba.

Famfon ƙafa nasa harshen dabam ne. Ƙaransa dim-dim ne na feda, da ɗan fuu na ruwa, kuma rashin lafiyarsa a ƙafa ake fara jinta. In feda ta ƙi dawowa sama sosai, ruwan tiyon da ke turawa ya ragu, sai an sake cika shi. In ruwa yana fesowa ta gefen feda, ƴan zobban da ke sama sun cinye, su kuwa a nan bisa ƙasa ake sake su cikin ɗan lokaci. In feda ta nutse ta zauna, an cika an sake cikawa ba ta tashi ba, mai yiwuwa jakar ta fashe, ita ce kuwa mafi tsada a cikin kayansa. Volanta shi ne mai kawaici a cikinsu, zuu kawai yake yi, har ya kan ruɗi mutane su zaci lafiya lau yake.

Wani abin lura ga mai nazarin harshe shi ne, Hausa ba ta ƙago sababbin amsa-kama domin famfo ba. Kacau ta mundaye ce da sarƙar doki, ɓul-ɓul ta tulu ce da ake nutsawa a tabki, ƙii ta ƙyauren ɗaki ce da jigo. Tsofaffin kalmomi ne aka ba sabon aiki. Sunayen kuwa aro ne: famfo, tiyo, feda, boris, wanda makanikan da suka koyi aiki da Faransanci ke cewa rulma. Kalmar famfo ma ta faɗaɗa har ta haɗa da kan da ake murɗawa a gida, wanda ba ya ɗago kome. Da ma'anar ta yi yawa, sai aka nemi abin rarrabewa, aka samu tuƙa-tuƙa, sunan da ya yaɗu a arewacin Najeriya, wanda ya fito daga motsin jikin mai bugawa. A ganinmu wannan suna ya fi duk wanda wani kwamiti zai iya ƙerawa a ofis.

Tsarin gyaran da aka shimfiɗa cikin shekarun 1980 ƙafa uku gare shi: kwamitin gari mai tara kuɗi, da mai gyara da aka horar wanda ke zagaya ƙauyuka, da kantin kayan gyara a babban gari. A takarda ba shi da aibu. Amma masu jin kukan famfo kullum mata ne da yara, masu riƙe asusu da makullai galibi maza ne da ba su ɗiban ruwa, mai gyara kuma ba a kiransa sai ruwa ya tsaya cak. Tsakanin ƙii na farko da shirun ƙarshe ana iya yin watanni, kuma a cikin waɗannan watanni ne gyara yake da sauƙi. Bahaushe ya ce rijiya ta bayar, guga ya hana. A nan sau da yawa ramin yana cike da ruwa mai kyau, abin da ya hana kuwa bai wuce roba mai faɗin tafin hannu ba. Aka zo aka karya darajar kuɗin sefa a watan Janairu na 1994, tamanin kayan da ake sayowa daga waje ya ninka a dare ɗaya. Ga kuma ciwon da tun cikin shekarun 1980 aka gano a Afirka ta Yamma, watau inda ruwan ƙasa ke da tsami yana cin bututun ƙarfe, ruwan safe ya fito ja, ya ɓata tufafi da tuwo, har mutane su guje wa famfon da bai ko lalace ba. Wata ƙididdiga da aka tattara a 2009 daga ƙasashe 20 na Afirka kudu da Sahara ta nuna wajen famfo ɗaya cikin uku ba ya aiki.

Shirun famfo ba ƙaramin abu ba ne. In ya tsaya, tabki ake komawa, tabki kuwa shi ne gidan kurkunu. Binciken da aka yi a 1991 ya sami sama da mutum 30,000 masu wannan ciwo a Nijar, jihar Damagaram tana cikin inda ya fi tsanani, kuma da damina yake kwantar da manomi, lokacin da gona ke bukatarsa. An ga na ƙarshe da ya kamu a cikin ƙasa a 2008, hukumar lafiya ta duniya ta tabbatar da kawar da shi a 2013. Tace ruwa da faɗakarwa sun yi nasu aikin, famfunan da aka iya riƙewa da rai su ma sun yi nasu.

Saura batun rubutu, wanda shi ne ya fi shafar masu tsara karatun manya. Bayan taron Bamako na 1966, a Nijar an riƙa ninka wasali in dogo ne, kamar yadda sunan jaridar karkara Saabon Ra'ayii ya nuna. Taron Yamai na 1980 ya kusanto da rubutunmu ga na Najeriya, aka bar ninkawa. An ci ribar haɗin kai, kuma ga yawancin kalmomi mai karatu yana gane tsawon wasali daga jimla. Amsa-kama kuwa ba ta da wannan gata. In aka rubuta sha, ba a san ko shan ruwa ake nufi ko zubarsa ba. In aka rubuta ƙi, sabon mai karatu ƙiyayya zai fahimta, ba kukan sarƙa ba. Ma'anar waɗannan kalmomi a cikin tsawonsu da karin sautinsu take, wani lokaci ma jan su fiye da ƙima shi ke nuna tsananin abin. Shi ya sa muka ninka wasali a cikinsu a wannan rubutu, kuma muna ganin ya kamata a yarda da haka a fili ga amsa-kama, ko da an bar sauran kalmomi yadda ƙa'ida ta ce.

Haka nan littafin da za a ba kwamitin gari bai kamata ya fara da zanen silinda da jerin sunayen kayan cikinta ba, kayan da mai karatu ba zai taɓa gani ba sai ranar da aka fid da su. Ya fara da abin da ta ji da abin da ta ƙidaya, sa'an nan ya gaya mata ma'anarsa, da wanda za a kira, da ko abin na gaggawa ne. Darasin ƙidaya ma ga shi a shirye: bugun asuba nawa, bugun jarka nawa, a rubuta kowace Juma'a a gwada da na makon jiya. Kafin a yi wannan kuwa sai an tattara kalmomin daga bakin masu su, gari gari, don ba lalle ne abin da ake faɗa a Gobir ya zama shi ake faɗa a Damagaram ko Arewa ba, kuma waɗanda muka kawo a sama na gama-gari ne kawai. Aikin yana son na'urar ɗaukar magana a ajiye ta a bakin famfon kansa, a ɗauki ƙaran ƙarfen da sunan da aka ba shi a lokaci ɗaya. Yana kuma son hanzari, domin a manyan ƙauyuka da yawa an riga an cire mariƙa an sa injin mai aiki da hasken rana da tanki bisa ƙafafu, injin da ke can cikin ruwa, wanda daga sama ba a jin motsinsa.